Kande a Bencin Baya

'Yata, tunda kin ce kina ganin kamar akwai waɗanda Allah ya fi ji da su, gyara zama ki ji wani misali.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata mace a zumuntar mata ta coci, sunanta Damaris. Allah ya ba ta murya, in ta ɗaga waƙa a bakin rafi har masu noma a kan tudu sukan dakata. Mijinta na da shanun huɗa, hatsinsu kan kai wata kaka, 'ya'yanta duk suna makaranta. Amma ran Lahadi ba ita ke ba da waƙa ba. Wata gwauruwa ce mai suna Kande, wadda hayaƙin dafa daddawa ya dusar wa murya. Kande ta binne miji, ta binne ɗan farinta, gobara kuma ta cinye mata rumbu. Duk da haka in ta miƙe ta buɗe baki, coci kan yi tsit, tsofaffi na share hawaye da bakin zane. In Damaris ce ta yi, sai a ce, "Kai, murya!" a tafa mata, shi ke nan.

Wannan abu ya hana Damaris sakat. Tana lura da yadda matar fasto ke riƙe hannun Kande in an tashi sujada, da yadda masu ciwo ke aikawa a kira ta ta yi musu addu'a. Ta koma gida tana tambayar kanta: Me wannan matar take da shi, zane ɗaya duk ya koɗe? Daga nan ta fara sakin magana a bakin rijiya. "Ni dai ban ce komai ba," in ji ta, "amma masifa ba ta bin gida ɗaya haka kawai." Magana ta tashi daga rijiya ta je injin niƙa, daga can ta isa kunnen uwar zumunta. Aka ce wa Kande ta ɗan huta, aka ba Damaris waƙa.

Damaris ta zuba ido ta ga Kande ta yi fushi, ko ta daina zuwa, ko ta koma wani coci. Ran Lahadi sai ga Kande da wuri. Ta wuce bencin baya ta zauna, ta ɗauki tulun kiɗa tana bugawa, tana yi wa Damaris amshi da dukan ƙarfinta. Wannan ya fi komai ƙona wa Damaris rai. Ga ta tsaye a gaba inda ta daɗe tana so, amma tana gani mata na waiwayawa baya.

Ana nan, da damina mijin Damaris ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka sayar da shanu, aka yi ta yawon asibiti, babbar 'yarta ta bar makaranta ta kama fartanya. Wata Lahadi Damaris ta miƙe za ta rera alherin Ubangiji, ta kasa furta kalmar, ta koma ta zauna. Daga ranar ta ɗauke ƙafa daga coci. Masu gaisuwa suka zo suka gaji, aka bar ta da majinyaci.

Kande ce ba ta gaji ba. Kowace safiya takan shigo da tulun ruwa a ka, ta taya ta juya mai gida, ta wanke shimfiɗa, tana waƙa ƙasa-ƙasa. Damaris kuwa ko a cikin wannan hali kishi bai sake ta ba. Ta dubi fuskar Kande ta ga natsuwar da ita ta rasa, sai ta ji haushi ya taso mata. Wata rana ta kasa daurewa.

"Yaya Kande, wai ke ba kya gajiya da Allah ne? Me ya bar miki?"

Kande ta matse zanen da take wankewa, ta ce, "Ina gajiya mana, ƙanwata. Da aka binne yarona na daɗe ko amin ban iya cewa ba. Amma wanda ya faɗa rijiya ba ya sakin igiya don tana yanka masa hannu. Yesu ya san zafi, shi ya sa ba na jin kunyar kai masa nawa."

 Damaris ta tuna shekarun da ta yi tana ƙyashin waƙar matar nan, ba ta taɓa tambayar me aka sha kafin a iya ta ba.

Mijin bai warke sarai ba, da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, shanun ma ba su dawo ba. Amma Damaris ta dawo coci. Ta ratsa ta gaba ta wuce, ta je ta zauna kusa da Kande. Da uwar zumunta ta yafito ta ta zo ta ba da waƙa, sai Damaris ta karɓi tulun kiɗan daga cinyar Kande, ta tura ta gaba. Kande ta ɗaga dusasshiyar muryarta, Damaris na amshi, hawaye na ɗiga a bakin tulu.

To, 'yata, bangaskiyar da kika gani a wurin wani har kike jin ciwo, ki fara tambaya ta wace wuta ta bi. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.