Sunan 'Yar Fari

Tun da wasan kwamfuta ya maye gurbin malamai a makarantu, yaro ba ya wuce aji sai uwarsa ta zo ta kira sunansa, ƙofar cikin wasan ta buɗe.

Tabawa kuwa ba ta taɓa faɗin sunan 'yarta ta fari ba. Kunya ce, haka ta gada.

"Ke, taso mu tafi," ta ce.

"Inna, kowa ya wuce, saura ni kaɗai."

Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuya ta raɗa wa na'urar wasan, "Hansatu."

Ƙofa ta buɗe, yarinyar ba ta ko kalli ƙofar ba.

"Inna, sake faɗa."

Bakin Tabawa ya yi nauyi. Sai na'urar ta maimaita sunan da muryar Tabawa, Hansatu ta juya wajen na'urar.