Ƙullin Leda a Tumbin Sa

Ranar Talata ce, ruwa ya sauka da asuba, ƙasa ta yi laushi, duk mai shanun huɗa ya fita gona. Kai da kake ce min leda sauƙi ce, zauna ka ji abin da ya sami wani mai shago a ranar.

Mutumin nan shi ya fara ƙulla kaya a leda a garinsu. Kafin shi, mace kan zo da kwalbarta a zuba mata man gyaɗa, ta zo da kwanonta a auna mata gishiri. Shi kuwa ya ce kowa ya zo hannu sake. Mai, gishiri, kanwa, daddawa, komai ƙanƙantarsa sai ya ƙulle shi, kuma yana da irin nasa ƙullin, sau biyu yake murɗawa ya bar kunne ɗaya a sama. Mutane suka watse daga rumfar wani tsoho da ke kusa da shi, wanda har lokacin a ganye yake naɗe daddawa. Tsohon ya ce masa, "Ɗana, ganye ƙasa ke cinye shi. Wannan abin naka wa zai ci?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, zamani ya wuce ka, sai haƙuri."  Bayan shekara biyu tsohon ya rufe rumfar.

To ka san al'adarmu, da rani kowa yakan kwashe juji ya kai gona a matsayin taki. Jujin bayan shagonsa ya fi na kowa tudu, har yana alfahari da shi. Shekara bakwai yana lodawa a amalanke yana zubewa a gonar gyaɗarsa, kuma a can yake sakin shanun huɗarsa biyu su yi kiwo. Dabba tana son gishiri, tana son maiƙo. Ɗayan san, jan, wanda ya fi ƙarfi, ya fara ramewa, ciki kuwa sai girma yake. Aka ba shi kanwa, aka ba shi jiƙo, ba canji. A wannan Talatar aka ɗora masa karkiya, bai gama kunya ta uku ba ya durƙusa, ya ƙi tashi. Sa ɗaya ba ya jan garma, kuma laimar gyaɗa ba ta jiran kowa. Aka kira mahauci da gaggawa kafin ya zama mushe. Da aka farke tumbin, ba ciyawa a ciki sai dunƙulen leda, baƙa da fara, ta naɗe kamar igiyar guga, ta kusa cika kwando. Mahaucin ya ja guda ɗaya, ya ɗaga ta sama a gaban jama'a ya ce, "Maigida, wannan ƙullin mai kunne ɗaya ai na san hannun mai shi." Ba wanda ya yi dariya. Nan a bakin gona aka kasa naman, rama duk ta cinye shi, aka saya a wulaƙance. Da aka rasa abin da za a zuba wa mutane naman a ciki, shagon mai san aka aika aka ɗebo leda.

Da yamma mai shagon ya ce daga yau duk mai son mai ya zo da kwalba. Wata mata ta dube shi ta ce, "Wace kwalba? Kai ka sa muka zubar da su." Ta tsallaka shagon gaba, don yanzu shaguna biyar ne a layin, kowanne da ledarsa.

Washegari da safe, maƙwabta na huɗa hagu da dama, shi ya ɗauki buhu ya shiga gonarsa a duƙe yana tsintar leda ɗaya bayan ɗaya, don kada san da ya rage ya bi ɗan'uwansa. Duk inda ya tona da yatsa akwai wata a ƙasa. Har azahar bai fita daga kusurwa ɗaya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, abin da mutum ya shuka, shi zai girba.