Babban Yatsan Kakana

Ranar da takalmin ƙwallona ya yage, na zauna ina kuka a gidanmu na unguwar Sharafiyya, ga shi muna da wasa da yaran unguwar Mahjar bayan la'asar. Kakana ya miƙo ƙafarsa, babban yatsan a karkace.

Ya ce, "Shekarar da aka fara raba mana takalma a kwaleji, kowa cin mu yake yi. Nauyi kamar turmi! A wasan ƙarshe muka tuɓe su, wannan yatsan ya ciyo kofi. Yalla, tashi!"

Na tafi ba takalmi. Aka lallasa mu, kwalta ta ƙone min tafin ƙafa.

Da na dawo ina ɗingishi, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Af, na manta, jikana. Namu filin ciyawa ne."

Har yau in zafin kwalta ya ratsa takalmina, dariyarsa nake ji.