Malamin Gona Ya Cinye Irinsa

Ranar da kuɗin sallamar Malam Hamidu suka fito, har awakin gidansa sai da suka san an samu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana malamin gona a Doguwa, kullum yana kan babur ƙauye-ƙauye da huɗubarsa guda: "Ku ci komai, amma kada ku ci iri." Burinsa bayan ritaya shi ne ya nome gonar da ya gada gaba ɗayanta, masara daga wannan iyaka zuwa waccan, mutane su ga cewa ba baki kaɗai ya iya ba.

Damina da sauran nisa, sai Surajo, tsohon abokin aikinsa na Tudun Wada, ya kwaɗaita masa wani asusun zuba jari a Kano, mai rabon riba mai tsoka duk wata. Tambaya ɗaya Malam ya yi: "Babu kuɗin ruwa a ciki?" Aka ce babu. Ya juye musu komai.

Wata bai ƙare ba waya ta yi ƙara, rabo ya shigo. Nan fa gida ya ɗauki ƙamshi. Yau kaza, gobe kifin Bagauda. A majalisa kuwa aka daina taɓa aljihu, don Malam ya ɗauke wa kowa kuɗin shayi. Har tafiyarsa ta canja.

Matarsa Zubaida ta ajiye masa tuwo wata rana, ta ce, "Malam, wai sana'ar me suke yi da kuɗin nan, da suke haihuwa haka?"

Ya yi dariya. "Ke dai ci naman, Zubaida. Harkar masu ilimi ce."

"To, Allah Ya sa alheri." Ta ci kuwa, har da ƙari.

Da hadari ya fara haɗuwa, Malam ya sa babbar riga ya tafi Kano don ya ciro jarinsa, ya sayi taki ya kama tarakta. Ma'aikacin ofishin ya karɓe shi da girmamawa, ya duba kwamfuta, sai ya yi gyaran murya.

"Baba, abin da ya rage bai kai rabi ba. Kasuwancin da muka sa kuɗin a ciki mai haɗari ne, ya faɗi. Rabon da kuke karɓa ma, yawancinsa daga cikin jarinku ake yanko shi."

"Tsaya, ɗana. Kana nufin kajin nan duka ni na saya wa kaina?"

"Haka ne, Baba."

Malam Hamidu ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya karɓi abin da ya rage, ya hau mota ya koma gida.

Abin da ya tsira da shi kusurwar gona kawai ya iya nomewa. Sauran ya ba Inuwa haya, wani manomi da shi ya koya masa aiki. Da kaka ya je ya tsaya a bakin iyaka, yana kallon masarar Inuwa ta fi mutum tsayi a gonar da shi Malam ya gada.

Inuwa ya durƙusa ya gaishe shi, fuska cike da murna. "Malam, duk albarkarka ce! Irin nan da ka hana mu ci ne na yi ta ajiyewa."

Malam ya sake duban masarar. Can ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce, "Ka ci gaba da jin maganata, Inuwa. Ni ne dai ban ji ba."

Iyayenmu 'yan fansho, zuba jari ba laifi ba ne, amma riba mai yawa da haɗari mai yawa take tafiya. Kafin ku miƙa guminku, ku tambayi daga ina rabon yake fitowa, ku nemi shawarar masani, kuma kada ku zuba abin da ba za ku iya jure rasa shi ba.