Harafin da Ba Namu Ba

"Zauna, ƙanwata," in ji ma'aikaciyar, ta juyo mini fuskar kwamfutar.

Wata huɗu ke nan ina zuwa ofishin nan, tun da jirgin ruwan da yayana yake aiki a ciki ya nutse a wata ƙasa mai nisa. Kullum sai a nemi sunansa cikin jerin mamatan, kwamfuta ta ce babu. Da wannan amsar Inna take iya cin abinci.

"Kin ga wannan 'a' ɗin da ke cikin jerin? Ba namu ba ne, na rubutun mutanen can ne, Sirilik. A ido duk ɗaya ne, amma kwamfuta lamba take gani, kuma kowanne da lambarsa."

Ta goge namu daga sunan yayana, ta saka nasu, ta sake nema. Sunan ya fito a layi na tara.

Hawaye bai zo ba. Na daɗe ina kallon yatsun ƙafata.

"Malama, in da namu harafin ne, har yanzu babu shi?"

"Babu."

"To, wannan amsar za ki buga mini a takarda."