Silindar da ke Bayan Kujera

Ina da shekara tara lokacin da ƙanƙara ta karya itatuwan unguwarmu ta Glenwood, wuta ta ɗauke da la'asar. Mama tana kwance a falo, injin da ke ba ta oksijin ya yi ƙara ya tsaya.

Baba makaniken injina ne a wani sito da ke Wendover. Ya daɗe da ajiye batirin mota da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida, saboda irin wannan rana. Ya jona, injin ya tashi.

"Alhaji, hayaƙi," in ji Mama, da kyar.

Inbatar ce ta ƙone. Warin robar nan nake tunawa har yau, fiye da fuskar Mama.

Baba bai tsaya dubawa ba. Ya jawo wata koriyar silindar oksijin daga bayan kujera, wadda ban san da ita ba, ya haɗa mata, ya murɗa. Sai da numfashinta ya daidaita ya juyo gare ni.

"Idan kin tanadi na biyu, ki ɗauka shi ma zai mutu."

Na gyaɗa kai. Ko tsoro ban ji ba.

Mama ta rasu bayan wata huɗu, ranar da akwai wuta, komai yana aiki.

Yanzu ni ke tsara wutar asibitoci. Ranar gwaji, idan aka kashe layin wuta biyu, na uku ya ɗauka, fitila ba ta ƙifta ba, abokan aikina sukan tafa. Ni kuwa sai in sa hannu a takarda, in tafi ɗauko 'yata daga makaranta.