Wayar Baban Salihatu

Bayan la'asar Muntasir, mai tura fina-finai a kasuwar Kontagora, ya tsaya a zauren gidan su Salihatu. Sau biyu mahaifin Salihatu yana cewa ba zai ba ɗan fim 'yarsa ba.

Ta fito ta miƙa masa wata tsohuwar waya, idonta a ƙasa.

"Ta Baba ce. Wai ka sa masa kashi na biyu na fim ɗin 'yan sandan nan masu kareti. Na farkon ya ba shi dariya har hularsa ta faɗi. Rabonsa da dariya tun rasuwar Inna."

"Iyakar saƙon ke nan?"

Ta ɗago tana danne murmushi. "Wai magabatanka su kawo masa ita ranar Juma'a."

Ya riƙe wayar da hannu biyu. "Allah ya saka wa 'yan sandan nan da alheri."